Sun Ce Za Su Rage Mini Kuɗin Ruwan Katin Bashi, Sai Suka Cire Dala 895

Tambaya:

Salamu alaikum, Barista. Ni direban tasi ne a Bronx, birnin New York. Ana bina kusan dala 6,000 a katin bashi, kuɗin ruwa kashi 27 cikin ɗari. Watan jiya aka kira ni, muryar mace ce da aka naɗa, ta ce na cancanci a rage mini ruwa, in danna 1. Na danna, wani ya ɗauka, ya ce daga sashen kula da masu kati yake, za su mayar da ruwan kashi 6. Ya karɓi lambar katina da lambobi huɗu na ƙarshe na Social Security (lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa) da lambar unguwarmu ta gidan waya. Har abin da ake bina ya faɗa mini daidai, shi ya sa na saki jiki. Yanzu takardar wata ta zo: sun cire dala 895, ruwa yana nan yadda yake, lambarsu kuma ba ta shiga. Kiran ma bai tsaya ba. Zan iya kai su kotu?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri. Doka ta ba ka damar kai su kotu, amma ba ta nan zan so ka fara ba. Kuɗinka ya fi kusa da dawowa ta hannun bankin da ya ba ka katin, kuma can akwai wa'adin kwana 60 da ya fara tafiya tun kafin ka rubuto mini.

Bari in fara cire maka wata ƙaya. Ba wai mutumin nan yana da hannu a bankinka ba ne da har ya san abin da ake binka. Da ya karɓi lambar kati da lambobin nan huɗu da lambar unguwa, sai ya ce ka ɗan jira, ko ba haka ba? A wannan ɗan jiran ya kira layin bankin da na'ura ke amsawa, ya danna abin da ka ba shi, na'ura ta karanto masa bashin da kuma sauran abin da za a iya cira a katin. Na biyun ne ya dame shi, domin da shi yake auna nawa zai yanka.

Tsohuwar sana'a ce. A watan Nuwamba na 2012 hukumar FTC, mai kare masu saye a matakin tarayya, ta gurfanar da kamfanoni biyar daga jihohin Arizona da Florida a kan wannan kira, wanda muryar da ke cikinsa take kiran kanta Rachel. Shugaban hukumar na lokacin, Jon Leibowitz, har ya kira Rachel abokiyar gabar jama'a ta ɗaya. An rufe waɗancan, wasu suka buɗe da sabon suna. Waɗanda suke yin wani abu a cikinsu, iyakarsu su haɗa ka da bankinka a waya ɗaya su roƙi ragi, abin da kai ma za ka yi kyauta. Tarihin biyanka ne yake magana, su kuma su karɓi lada: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wasu kuwa sabon kati suke buɗewa da sunan mutum, su mayar da bashin can, su ce sun cika alkawari.

Ta fuskar doka, sun yi laifi tun kafin ka danna 1. Daga 1 ga Satumba 2009, ƙa'idar tallan waya ta FTC ta haramta kiran talla da muryar da aka naɗa sai da rubutaccen izinin wanda aka kira. Sannan daga 27 ga Oktoba 2010, ƙa'idar ta hana duk mai sayar da hidimar sauƙaƙa bashi ta waya, har da rage kuɗin ruwa, ya karɓi ko sisin kwabo kafin ya cim ma abin da ya yi alkawari, kai kuma ka amince da sabon tsarin, ka yi biya aƙalla ɗaya a kansa. Wato ko da sun naɗi muryarka kana cewa "na yarda", ko sun turo maka takarda ka sa hannu ta waya, hakan bai halatta musu dala 895 ɗin nan ba. Riƙe wannan da kyau, shi ne ƙashin bayan ƙorafinka.

Yanzu banki. Dokar da ta shafi kurakuran lissafin katin bashi, ta 1974, ta ce in akwai abin da ba ka yarda da shi ba a takardar wata, ka rubuta wa banki, kuma wasiƙar ta isa hannunsu cikin kwana 60 daga ranar da suka aiko takardar farko da cirar ta bayyana a ciki. Ba daga ranar da ka buɗe ambulan ba, ba kuma daga ranar da ka gane an cuce ka ba. In an aiko takardar ranar 5 ga Maris, to ranar 4 ga Mayu ƙofa ta rufe. Ka kira lambar da ke bayan katinka yau, ka ce a soke katin a ba ka sabuwar lamba, ka shigar da ƙorafi. Amma kada ka tsaya a waya. Haƙƙoƙin da dokar ta tanada a kan rubutu suka rataya, kuma na ga mutane da dama da suka dogara da "an ce mini za a duba" har wa'adi ya wuce.

Ka juya bayan takardar watan. Akwai adireshi biyu: ɗaya na biyan kuɗi, ɗaya na tambayoyi da ƙorafin lissafi. Na biyun za ka aika wa, ta gidan waya, da rajista irin wadda ake dawo maka da shaidar an karɓa. A ciki ka sa sunanka, lambar asusu, ranar cirar, adadin kuɗin, sunan da ya fito a takardar, da dalilinka. Ka haɗa da hoton jerin kiran da ke wayarka da duk wani saƙo da suka turo. Kwafi za ka aika, asali ya zauna a gida.

Ga inda mutanenmu suka fi zamewa. Za ka ji wani a masallaci ko a layin jiran fasinja ya ce maka, "Kawai ka ce ba ka san su ba, an sace lambarka ne." Kada ka yi. Gaskiya ne in an yi amfani da kati ba da izini ba, doka ba ta ɗora wa mai katin fiye da dala 50, galibin bankuna ma ba sa karɓar komai. Amma kai da bakinka ka karanta lambar. Banki zai tuntuɓi ɓangarensu, su kuma su miƙo muryarka da suka naɗa, shi ke nan ƙorafinka ya faɗi, ka kuma zama wanda ya yi wa banki ƙarya a rubuce. Gaskiyar ta fi ƙarfi. Ka rubuta cewa sun nuna maka kamar daga bankinka suke alhali ba haka ba ne, sun yi alkawarin kashi 6 ba su cika ba, hidimar da aka caje ka dominta ba a yi ta ba, kuma karɓar kuɗin tun farko ya saɓa wa ƙa'idar tarayya. In kuma ba su taɓa faɗa maka za su ciri kuɗi ba, kamar yadda wasunsu ke cewa lambar "don tantancewa ce kawai", to wannan cira ce ba da izini ba, ka faɗe ta haka. Kai ka san abin da aka faɗa a wayar. Abin da ya faru za ka rubuta.

Da wasiƙar ta isa, banki yana da kwana 30 ya sanar da kai ya karɓa, sannan zagayen lissafi biyu, da ba za su wuce kwana 90 ba, ya yanke hukunci. A tsawon binciken ba dole ba ne ka biya dala 895 ɗin da ruwan da ya hau kanta, kuma ba za su kai sunanka a matsayin wanda ya ƙi biya saboda ita ba. Sauran bashin kam ka ci gaba da biya a kan lokaci. Kada fushi ya sa ka tsallake wata, domin wannan tabon naka ne, ba na 'yan damfara ba. In suka ƙi, dole su ba ka dalili a rubuce, kana da ikon neman takardun da suka dogara da su, daga nan ka kai kuka hukumar CFPB mai sa ido kan bankuna da kuma ofishin Antoni Janar na jihar New York. Ba zan yi maka alkawarin nasara ba, amma hujjarka mai kyau ce, kuma da katin bashi aka cira. Da ta Zelle, hanyar tura kuɗi kai tsaye daga asusun banki, ka tura, ko katin kyauta ka saya ka karanta musu lamba, da maganarmu ta fi wannan ɗaci.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne, lambobin nan huɗu ne. Ka je shafukan Equifax da Experian da TransUnion, kamfanoni uku masu ajiye tarihin bashin mutane, kowanne daban, ka kulle rahoton bashinka. Tun Satumba 2018 kyauta ne, ba ya rage makinka na cancantar bashi, kuma ranar da kake neman mota ko gida sai ka buɗe na ɗan lokaci. Ka ciro rahotanninka a annualcreditreport.com ka duba ko akwai katin da ba ka sani ba. In ka gani, ka shiga IdentityTheft.gov ka cike rahoto; da shi kamfanonin nan za su toshe bayanin ƙaryar cikin kwana huɗu na aiki.

Mu dawo kotu. Dokar TCPA ta 1991, mai kare masu waya daga irin wannan kira, ta ba ka dala 500 a kan kowane kiran na'ura da aka yi wa wayarka ta hannu ba da izininka ba, kuma alƙali na iya ninkawa zuwa 1,500 in da gangan ne. Kana da shekara huɗu, kuma kotun ƙananan ƙararraki ta birnin New York tana sauraron har dala 10,000 ba sai da lauya ba. A takarda abin gwanin daɗi. To wa za ka kai wa sammaci? Lambar da ta fito a wayarka ta bogi ce, wataƙila ma ta wata baiwar Allah ce da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Sunan da ke takardar banki sau da yawa kamfani ne na jeka-na-yi-ka da aka yi wa rajista jiya, gobe a rufe. Ko ka yi nasara, hukunci daban, karɓo kuɗi daban. Shawarata: ka tambayi banki cikakken suna da adireshin wanda ya ciri kuɗin. In ya kasance kamfani ne mai ofis da dukiya a Amurka, ka nemi lauyan da ya ƙware a wannan fanni; da yawansu ba sa karɓar komai sai an ci. In ba haka ba, kada ka ajiye mota kana asarar aikin yini a kan inuwa. Ka dai ci gaba da rubuta rana da lokacin kowane kira, ba ya cin komai.

Kiran kuwa zai ƙaru kafin ya ragu, domin sunanka ya shiga jerin waɗanda suka taɓa biya, kuma jerin nan sayar da shi ake yi. Kada ka danna komai, har lambar da suka ce "danna a cire ka". Dannawa shaida ce cewa akwai mai ɗauka. Ka sa lambarka a donotcall.gov, ko ka kira 1-888-382-1222 da wayar da kake son sawa. Ɓarawo ba ya duba rajista, na sani, amma bayan kwana 31 duk kiran tallan da ya shigo daga wanda ba ka da hulɗa da shi ya fallasa kansa. Ka kunna abin tace kira na kamfanin wayarka. Ka kai rahoto a ReportFraud.ftc.gov. FTC ba ta bin ƙarar mutum ɗaya, amma da irin rahotannin nan take gina shari'a, kuma idan ta ƙwato kuɗi takan raba wa waɗanda aka cuta. Haƙƙoƙin nan na duk mai riƙe da kati ne, dokar ba ta ware ɗan ƙasa da baƙo ba.

Sai ainihin abin da ya sa ka danna 1. Kashi 27 a kan dala 6,000 yana cin kimanin dala 135 kowane wata, kafin a taɓa uwar kuɗi. Duk wanda ke ɗauke da wannan zai saurari mai cewa zai sauke masa, don haka ban ga abin kunya a nan ba. Ka kira bankin da kanka ka nemi ragi. In aiki ya ja baya, ka tambaye su shirinsu na waɗanda suka shiga matsi. Akwai katunan da ke karɓar bashi ba ruwa na shekara ɗaya ko fiye, amma suna cire kashi 3 zuwa 5 a farko, kuma in wa'adin ya ƙare da saura, ruwa ya dawo. Birnin New York yana da cibiyoyin ba da shawarar kuɗi kyauta, ka kira 311 su ba ka rana. Batun hukuncin ruwa a addini na malamai ne, ba nawa ba. Abin da na sani ta ɓangarena shi ne, a galibin katuna, wanda yake biyan duk abin da ya kashe kafin ranar biya ba a ɗora masa ruwa kan sayayya.

Ka sa ran wani kiran nan gaba, daga wanda zai ce shi lauya ne ko jami'in gwamnati, ya san an cuce ka dala 895, zai ƙwato maka in ka biya kuɗin buɗe fayil. Su ne dai, ko waɗanda suka sayi sunanka. FTC ba ta karɓar kuɗi kafin ta mayar wa mutum nasa. Ka kashe wayar, ka ƙara lambar a rahotonka.