Tambaya da Amsa: Me Ya Hana Yahudawan Jamus Ficewa Tun da Wuri?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da tarihi a wata sakandare a Argungu. Na karanta wasiƙun da Yahudawan Jamus suka riƙa aika wa danginsu a Amurka a zamanin Hitler, sai na ga duk zancen takardu ne da lambobi. Ɗalibaina suna tambaya, tunda sun ga ana gallaza musu, me ya hana su tattara nasu-ya-nasu su fice?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Da yawansu sun yi ta neman fita, kuma har zuwa 1941 gwamnatin Nazi korarsu take yi. Samun ƙasar da za ta karɓe su ne ya gagara. A taron da aka yi kan 'yan gudun hijira a garin Evian na Faransa a 1938 ƙasashe 32 suka hallara, kusan duk suka nuna alhini, suka kuma ƙi buɗe ƙofa.

Dokar Amurka ta 1924 ta yanka wa kowace ƙasa kasonta na mutanen da za a bari su yi ƙaura zuwa Amurka. Jamus da Ostiriya a haɗe mutum 27,370 aka ba su a shekara, alhali a 1939 masu jira sun haura 300,000. Lambar da kake ta gani a wasiƙun ta layin ofishin jakadanci ce. Sannan sai an samu wani a Amurka ya yi rantsuwa a rubuce cewa zai ɗauki nauyin mai zuwa, ya haɗa da shaidar banki da ta haraji. Shi ya sa magidanci yake ƙasƙantar da kai yana roƙon ɗan'uwa na nesa wanda bai taɓa gani ba.

Abin da ya fi cin mutane shi ne wa'adi, kuma a ganina nan ya kamata ka tsaya wa ɗalibanka sosai. A wancan lokacin bizar Amurka wata huɗu take yi. Ga fasfo, ga gwajin likita, ga tikitin jirgin ruwa, bayan ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu kuma ga bizar ratsa Sifen da Fotugal zuwa tashar Lisbon. Kowace takarda da ranar ƙarewarta. Kafin ta ƙarshe ta fito ta farko ta mutu, sai a koma gidan jiya. Ga kuma harajin ficewa, kashi 25 cikin 100 na dukiya, kuma tsabar kuɗi mak 10 (kuɗin Jamus na lokacin) kacal aka yarda mutum ya fita da su.

Ko shiga jirgi bai zama tsira ba. A 1939 jirgin ruwan St. Louis ya ɗauki fasinja 937 daga Jamus zuwa ƙasar Kuba, Kuba ta hana mafi yawansu sauka, Amurka ma ta ƙi, aka mayar da su Turai. Mutum 254 daga cikinsu sun halaka a kisan ƙare dangin da ya biyo baya.

In kuna karantawa, ku tuna ana buɗe wasiƙu, don haka a sakaye ake rubutu. "Ya yi tafiya" yakan iya nufin an kama shi. Daga baya saƙon Red Cross mai kalma 25 ya rage wa wasu iyalai. A Oktoba 1941 aka haramta wa Yahudawa ficewa, a watan nan kuma aka fara lodinsu a jiragen ƙasa zuwa gabashin Turai.