Ina koya wa sojoji Ingilishi, an riƙe mini kuɗin wata huɗu

Tambaya: Lauya, barka da aiki. Ni farar hula ne, ina koyar da Turancin Ingilishi a wani barikin soja a nan Maradi. An ɗauke ni da takardar shekara ɗaya, ta ƙare tuni, amma aka ce in ci gaba, ga shi ina cikin shekara ta uku babu sabuwar takarda. Ba a ba ni hutun shekara, kuma yau wata huɗu ban ga albashi ba. Abokai na ce mini ba a ƙarar soja. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, ba gaskiya ba ne. Dokar soja tana hawa kan wanda ya sa kaki, kai kuwa ba ka sa ba. Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ɗauki ma'aikaci a matsayin duk wanda yake aiki don a biya shi, ƙarƙashin umarnin wani, ko wanin nan ɗan kasuwa ne ko hukuma. Tunda su ke tsara maka lokacin shiga aji, su ke faɗa maka wa za ka koya wa, kana cikin wannan sahu.

Sai dai kafin komai, ɗauko takardarka ta farko ka duba wa ya sa mata hannu, don a nan hanya ke rabuwa. Idan wani kamfani ko cibiyar koyar da harsuna ce ta turo ka bariki, ita ce uban gidanka, ita za ka bi. Idan kuwa an ɗauke ka a tsarin ma'aikatan gwamnati, to dokar 2007-26 ce ta shafe ka, kuma kukanka zai fara ne da wasiƙa zuwa ga hukumar da ta ɗauke ka, sannan alƙalin da ke shari'a tsakanin mutum da gwamnati. Yadda ka bayyana naka, ya fi kama da kwantiragin aiki na yau da kullum.

In haka ne, ƙarewar takardar ba ta raunana ka ba. Kwantiragi mai wa'adi dole ya kasance a rubuce. Wanda wa'adinsa ya cika, aka bar shi yana aiki ba a rubuta sabo ba, ana ɗaukar sa ma'aikaci marar wa'adi, ba a sallamar sa sai da dalili, da sanarwa tun da wuri. Kana da hutun kwana 2 da rabi a kan kowane wata da ka yi aiki, wato kwana 30 a shekara, da albashinka. Aikin mako awa 40 ne, abin da ya haura ana biyan sa da ƙari. Mai cikakken aiki kuma ba a biyan sa ƙasa da jika 42 a wata tun Janairun 2024.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, shi ya fi damu na. Ka je ofishin CNSS, wato asusun fansho da kare lafiyar ma'aikata na ƙasa, ka bincika ko an yi maka rajista. Ana cire kashi 5.25 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, uban gida ya ƙara kashi 16.40. Shekarun da ba a zuba ba, ranar fansho za ka ji zafinsu, lokacin da hafsan da ya ɗauke ka ya daɗe da canza wurin aiki.

Yanzu tattara shaida: tsohuwar takardar, jadawalin darussa, takardar izinin shiga bariki, saƙonnin waya, shaidar biyan da aka yi maka a baya. Abin da ya shafi aikinka kaɗai za ka ɗauka. Kada ka kuskura ka ɗauki hoton sunayen sojoji ko wata takardar cikin gida, kada kuma ka kai maganar Facebook. A halin tsaron da ake ciki, wannan zai iya mai da mai gaskiya wanda ake tuhuma.

Rubuta wa shugaban wurin wasiƙa cikin ladabi, ka jera watannin da kuɗin, ka sa a buga wa kwafinka hatimi. In shiru ya yi yawa, sai ofishin sufeton ƙwadago na jihar Maradi, ya kira ku sulhu. Idan an kasa, zai ba ka takardar rashin sulhu, ka wuce kotun ƙwadago, inda ba a biyan kuɗin shigar da ƙara. Kada ka daina zuwa aji da kanka kafin nan, za a ce kai ka gudu. Kada kuma ka yi nawa, bashin albashi yana da wa'adin nema.

Ni dai sulhu nake so ka fi ƙarfafawa. Ko ka ci shari'a, ba a kama dukiyar gwamnati da ƙarfi kamar ta ɗan kasuwa, sai ka bi layin baitulmali, kuma layin yana da tsawo. Idan kuma kai ɗan Najeriya ne, kamar malaman Ingilishi da ke shigowa daga Katsina da Jibiya, ka duba ko kwantiraginka ya samu hatimin hukumar ANPE mai kula da samar da aikin yi, domin doka ta wajabta shi ga baƙon ma'aikaci, kuma nauyin neman sa yana kan wanda ya ɗauke ka.