Fada ba shi kaɗai ya mutu ba

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda cocinku a Yamai za ta girmama Fadan (limamin Katolika) da aka kashe ba tare da an manta da waɗanda suka mutu tare da shi ba.

Ka tuna Dablo a Burkina Faso. Ranar 12 ga Mayu 2019 aka kashe Fada Siméon Yampa lokacin Misa, wato ibadar Katolika, tare da mutane biyar. Sunansa ya bazu, su kuwa sai dai a ce "da wasu mabiya". Wannan ne nake so ku guje masa.

Ku je wurin Fadan cocinku ku nemi a yi Misa dominsu, a ranar da abin ya faru ko ranar 2 ga Nuwamba, ranar addu'a domin matattu. A karanta sunan kowa a hankali, a kunna wa kowane suna kyandir. Ko hoton Fada zai kasance a gaba, iyalan sauran su zauna a layin farko.

Kuɗin da za a kashe wajen ɗinka anko, a ganina, gara a sayi buhun gero a kai wa matan da aka bari da marayu. Maƙwabta Musulmi da suka zo gaisuwa, ku gayyace su.