Amsar Kawu kan maganar rushe tsohuwar majami'a

(Muryar da Kawu ya turo zauren 'yan ikkilisiyar garinmu daren jiya. An rubuta ta saboda waɗanda ba su da datar saukewa.)

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangiji. Baba Fasto, ina gaisuwa, yaya hidima? Dattawan ikkilisiya, Mama shugabar Zumuntar Mata, 'ya'yana matasa, barkanku da dare. Ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo, ni rubutu a waya ba ya yi mini, yatsun sun yi kauri.

To, na saurari duk abin da aka turo tun ranar Lahadi. Ɗana shugaban matasa ya ce bangon gabas na tsohuwar majami'a ya tsage, rufi yana yoyo daidai kan bencin mawaƙa, don haka a rushe ta a ɗora ta bulo. Ma'aji kuma ya ce babu kuɗin bulo, a sayi siminti a shafe ta ciki da waje a huta. Sai Mama ta ce a tambayi Kawu tunda ɗan magini ne. To ga ni. Amsata a gajarce ita ce kada a rushe, kuma don Allah kada a shafa mata siminti. Bari in faɗi dalili.

Na fara da simintin, don shi ya fi ba ni tsoro, kuma na taɓa ƙonewa da shi. Ɗakin mahaifiyata, wanda kuka sani a ƙofar gidanmu, ni da kaina na sa aka yi masa filasta lokacin da na fara ɗaukar albashi. Ina ta jin daɗi na yi wa tsohuwa gata. Marigayi babana yana zaune a kan dakali yana kallo, bai ce komai ba sai "to, mu ga damina." Damina ta farko lafiya lau. Ta uku kuwa, in ka ƙwanƙwasa bangon sai ka ji yana amsawa kamar ƙwarya. Wata safiya cikin Agusta ɓangare guda ya zame gaba ɗaya kamar ɓawon gyaɗa, abin da ke bayansa ya zama kunu, gara ta yi hanyoyinta tun daga ƙasa har kan azara ba wanda ya sani.

Abin da ke faruwa shi ne, ginin ƙasa yana shan laima yana kuma fitar da ita. Siminti da laka ba sa riƙe juna, zafin rana da sanyin dare ba sa motsa su daidai. Sai filastar ta yi 'yar tsaga, ruwa ya shiga, ya rasa ta inda zai fita. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to nan ba ƙadangare ba ne, ruwa ne, kuma shi in ya shiga ba ya leƙowa ka gan shi. Yaɓen ƙasa in ya gaji a fili yake gajiya, kowa ya gani a gyara. Siminti rufa-rufa yake yi maka har ranar da zai kunyata ka.

Sai maganar cewa ginin ƙasa ya tsufa, wai ba ya ƙarko. Ɗana, kai da kake karatu a Zariya, ranar da ba ka da lacca hau mashin ka je Wusasa ka ga majami'ar St. Bartholomew. An gina ta a 1929, lokacin da mishan na CMS suka tashi daga cikin birnin Zariya, inda ɗan mishan Dokta Miller ya zauna tun 1905, suka koma can gindin dutse. Da ƙasa aka yi ta, ginin Hausa sak, kuma tana nan tsaye, saura kaɗan ta cika shekara 100. A Wusasan nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Mutanen Wusasa ba su rasa manyan 'ya'ya masu hannu da shuni da za su baje ta ba, amma ba su baje ba. In ka shiga da tsakar rana cikin bazara za ka ji sanyi ya sauko maka, ba fanka ba komai. Ka kwatanta da majami'un bulo da kwano da muke shiga a birni, inda kafin a kai rabin wa'azi kowa ya mai da takardar sanarwa mafici.

Haka Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina tun zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, bakan gizonsa na ciki har yau masu karatun zanen gini suna zuwa kallo. Can ƙasar Mali kuma, babban masallacin Jenne da aka sake ginawa a 1907, duk shekara gari ne ke fitowa kwansu da kwarkwatarsu su yaɓe shi, mata na ɗebo ruwa, samari na hawa. Wannan yaɓen shekara-shekara shi ne maganar. Mu ma da muna yi. Waɗanda suka kai shekaruna za su tuna, ana gama girbi, kafin Kirsimeti, sai a sa ranar gayya. A kwaɓa ƙasa da ramno a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, yara mu shiga muna tattakawa muna waƙa, iyayenmu mata na Zumunta su dafa dambu da kunun tsamiya. Maƙwabtanmu Musulmi na unguwar gabas suna zuwa da kwandunansu, mu ma in za su yaɓe masallaci mu je. Yaushe rabon da a yi? Ni dai tun kafin a aurar da autata. Ba ginin ne ya gaza ba, mu ne muka watse, kowa ya tafi birni sai dai a turo hoton tsaga a waya.

Yanzu abin da nake gani za a yi. Babana yakan ce gini kamar mutum ne, ka ba shi hula ka ba shi takalmi. Hular ita ce rufi. Kwanon da aka ɗora a kan tsohon rufin ƙasa bakinsa gajere ne, ruwa na sauka daidai gindin bango yana fallatsi. A ƙara masa baki, a canza fallayen da suka huje, a duba azarar da ke ƙasa ɗaya bayan ɗaya da tsinin wuƙa. Wadda wuƙa ta nutse a cikinta ta mutu, a cire. Takalmin kuma shi ne gindi. A yi dakali kewaye da ginin, a cike ƙasa ta gangara waje yadda ruwa ba zai kwanta ba. Bangon gabas da ya tsage ba abin mamaki ba ne, hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa, shi ke shan dukan farko. A buɗe tsagar, a ɗinke ta da tubali da guntayen azara a gicciye, a yaɓe, sannan a bi da makuba, wato shafen gargajiya da ke kare bango daga ruwa. Duk wannan aikin rani ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Yanzu da ake ruwa a sa leda mai kauri a kan wurin yoyon, a janye bencin mawaƙa, a tokare bangon, kada kowa ya taɓa shi da diga.

Af, na manta, jemagun cikin rufi. Na ji wani ya ce a yi musu hayaƙi. Kada a kusanci busasshiyar azara da wuta! A bari su fita da magariba a toshe ramukan, kashinsu kuma a share a kai lambun Baba Fasto, taki ne mai kyau.

To ga inda maganar ta fi damuna. Na ce makuba, na ce azara. Ina za mu same su? Makuba daga ɓawon ɗorawa ake yin ta. Ɗorawoyin da ke bayan maƙabarta, waɗanda iyayenmu mata ke tsintar kalwa suna daddawa, nawa suka rage? An sare an yi gawayi. Azara daga giginya take, namijin giginya wanda ya ƙosa, shi ne gara ba ta cika iya masa ba. Giginyun fadama an kwashe, 'ya'yan da suka faɗo kuma mun binne mun tone mun ci muruci, ba mu bar ko ɗaya ya zama itace ba. Yanzu azarar da kakanninmu suka saro da ƙafa, mu sai mun yi hayar mota. Kun ga ashe maganar gini da maganar itatuwa ba a raba su. Tun a Farawa sura 2 aka sa mutum a gona domin ya noma ta ya kuma kiyaye ta, mu mun riƙe ta farko mun saki ta biyu.

Kuma ba sai mun jira gwamnati ta kawo dashe ba. A Maraɗi ta Nijar, wani ɗan mishan na SIM mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya sha wahalar dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara ba ciyawa ba ce, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Sai aka fara barin reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran. Da wannan kaɗai Nijar ta farfaɗo da fili wajen hekta miliyan 5. Ba famfo, ba gandun dashe, wuƙa ce kawai da haƙuri. Gonar ikkilisiya da ke hanyar rafi cike take da irin waɗannan kututture, na gani da idona. A fara da ita. A bar gawo musamman, shi da yake zubar da ganye da damina ba ya tare wa dawa rana, ga taki. A harabar majami'a kuma a sa layin itatuwa ta gabas su karya iska, amma a ja su nesa da bango, taku goma ko fi, don saiwar dogon yaro ba ta da kunya. Kowane aji na makarantar Lahadi a ba shi itacensa da kejin ƙaya saboda awaki.

Sai kududdufin bayan majami'a, inda aka ɗebi ƙasar ginin tun farko. Yana cin gaba yana matsowa, ga leda ta cika shi. A daina ɗibar ƙasa ta ɓangaren majami'a. Ruwan kwanon ma asara muke yi. Yankinmu na samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, kowane milimita a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ne. Sakatare, auna rufin ka buga lissafi, za ka sha mamaki. In aka sa mazurari da tanki, ruwan da ke cin gindin bango shi zai shayar da dashen.

Ɗana shugaban matasa, ban ce ba ka da gaskiya ba. Ranar Kirsimeti da bikin godiyar kaka rabin jama'a a waje suke tsayawa, na sani. In Ubangiji ya hore, a yi babba a filin kudu sannu a hankali, wannan ta zama ta makarantar Lahadi da taron Zumunta da addu'ar asuba. Amma kuɗin da ke hannu yanzu ko harsashi ba zai gama ba, in kuka rushe za ku shekara nawa kuna sujada a ƙarƙashin rumfa? Ku zagaya ƙauyukan kusa ku ƙirga gine-ginen da suka tsaya a linta ciyawa ta fito a ciki.

Akwai tsohon magini a unguwar gabas wanda ya yi aiki tare da babana, har yanzu idonsa na gani ko da ba ya hawa. Baba Fasto, in ka yarda mu je mu gaishe shi tare, da goronmu, a roƙe shi ya zauna a inuwa yana nuna wa samari. Ni zan shigo ranar Asabar da motar farko in Allah ya kai mu. Sakatare ka nemo tsani dogo da tocila, kuma a samo makullin ƙaramin ɗakin baya, don ta nan ake leƙa azara. Mama, a tambayi matan da ke da ɓawon ɗorawa a rumbu kada su zubar. Caji na ya kusa ƙarewa, sai da safenku.