Ƙwai, ruwan khal da haƙoran yaranmu

Tambaya: Likita, ni malamar firamare ce a Zariya. Yaya zan nuna wa ɗalibaina amfanin fuloraid, sinadarin da ake sakawa a man goge baki, su gani da idonsu?

Amsa: Malama, ki dafa ƙwai biyu. Ki shafe ɗaya da man goge baki mai fuloraid, ki naɗe shi a leda, ki ajiye kwana 4. Sai ki wanke, ya bushe, ki saka kowanne a kofin gilashi mai ruwan khal, ki ce yara su matso. Wanda ba a shafa ba, nan da nan ƙananan kumfa za su lulluɓe shi, tsami ya fara cin ɓawon ke nan. Ɗayan kuwa sai ya ɗan jima kafin ya fara. Haka abin yake a baki: ƙwayoyin cuta suna mayar da sukarin alewa da lemo tsami, tsamin yana zaizaye haƙori har ya yi kogo, fuloraid kuma yana ƙara wa bayan haƙorin tauri. Ki bar ƙwan su kwana a ciki, da safe duka biyun sun yi laushi. Ina so yara su ga wannan ma, kada su ɗauka man ya ba su lasisin shan zaƙi. Kuma kada kowa ya ci ƙwan.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 2 yana haɗiye man. In daina?

Amsa: A'a, 'yar'uwa, ki rage. Ƙasa da shekara 3, kamar ƙwayar shinkafa. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake. Ki koya masa tofarwa, ba sai ya kurkure ba.

Tambaya: Yaran ƙauyenmu a jihar Maraɗi haƙoransu sun yi ja, ba su kuwa cin goro.

Amsa: Alhaji, wannan ya tayar mini da hankali. Fuloraid in ya yi yawa a ruwan sha yakan ɓata launin haƙori tun yana tsiro, in ya tsananta ya taɓa ƙashi. Abin da ya faru a garin Tibiri, kusa da Maraɗi, ke nan, inda ruwan rijiyar burtsatse ya lanƙwasa ƙafafun yara da yawa. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a lita. Tafasa ruwa ba ya cire shi. Don Allah ku kai ruwan rijiyarku a auna, kafin nan ku nema wa ƙananan yara wani ruwan.