Jinkirin Sakamakon Hoto a Ƙaramin Asibiti

Tambaya: Likita, ina shugabantar wani ƙaramin asibiti inda sakamakon hoton ƙirji ko na ƙashi yakan kwana uku kafin ya iso hannun likitan da ya nema. Shin sai mun sayi sabuwar na'ura? Daga wata ma'aikaciyar jinya a Jihar Jigawa.

Amsa: Hajiya, kada ku yi gaggawar sayen na'ura, domin ɗaukar hoton ƙirji mintoci kaɗan ne, jinkirin kuwa yawanci yana wajen jiran mai fassara hoton. Ku buɗe littafi na mako 2, ku riƙa rubuta lokacin da aka nemi hoto, da lokacin da aka ɗauka, da lokacin da aka fassara, da lokacin da takardar ta isa ɗakin majinyata. A nan za ku ga inda aikin yake kwana.

Idan ƙwararren likitan hoto yana leƙo ku sau ɗaya a mako ne, kuma na'urarku mai adana hoto a kwamfuta ce, ku ƙulla yarjejeniya da shi ku riƙa tura masa hotunan ta intanet a tsarin DICOM, wato tsarin da asibitoci ke amfani da shi wajen adanawa da aika irin waɗannan hotuna. Ban yarda da ɗora fim ɗin hoton a jikin taga a ɗauke shi da waya a tura ta WhatsApp ba, saboda ƙaramar karaya takan ɓace, sirrin majinyaci kuma yakan fita.

Ku ware hotunan gaggawa da jar alama, a fara da su. Mai zuwa sikanin mafitsara kuma a gaya masa tun wajen yankar kati ya sha ruwa ya riƙe fitsari, don kada a mayar da shi benci ya sake jira.