Hukuncin shan shayin la'asar a gidan abincin lambu ga matafiyi a Ingila

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Zan je Landan a watan Agusta bikin kammala karatun 'yata, zan yi kwana goma. Ta kama mana tebur a wani gidan abinci da ke cikin lambu don mu sha shayin la'asar irin na Turawa, amma ta ce ana sayar da giya a wurin. Ya halatta in je? Kuma zan iya haɗa Azahar da La'asar tunda ina kan tafiya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa wa karatun albarka, Hajiya.

Zama a lambu a sha abu mai daɗi halal ne tun asali. Allah yana cewa a Suratul A'araf, aya ta 32: "Ka ce, wane ne ya haramta ƙawar Allah da ya fitar wa bayinsa da daɗaɗan arziki?" Anas ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yakan shiga Bairuha, lambun Abu Ɗalha da ke fuskantar masallaci, ya sha ruwansa mai daɗi. Nana A'isha kuma ta ce yana son kayan zaƙi da zuma. Shayin la'asar ɗin nan ba ibada ba ce a wurin mutanen Ingila, al'adar ci ce da ake dangantawa ga Anna, matar basaraken Bedford, wajen 1840, wadda yunwa ke damunta tsakanin abincin rana da na dare. Don haka maganar kamanceceniya da su a addini ba ta taso ba.

Inda ake buƙatar lura shi ne teburin da za ki zauna. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Wasu malamai sun faɗaɗa hanin har ya game duk wurin, kuma babu shakka in akwai inda ba a sayar da ita, can ya fi. Amma lafazin hadisin tebur ya ambata, kuma a kansa nake ba da fatawa ga wanda ke ƙasar da da wuya a samu gidan abincin da ba ya sayar da giya. Irin waɗannan wurare sukan ba da zaɓi biyu, shayi kaɗai ko shayi da kofin shamfen, wata giya mai kumfa. Ku zaɓi na farko tun wajen kama wuri. In akwai ƙawayen 'yarki da ba Musulmi ba, ta gaya musu da lalama tun kafin ranar. Kada a bari sai mai hidima ya tsaya a kanku da kwalba, kunya ta sa ki yi shiru. In giya ta hau teburin, tashi ya wajaba.

Sai abincin. Ana kawo shi a faranti mai hawa uku: ƙananan yankan burodi masu haɗi a ƙasa, wani burodi mai laushi da ake shafa wa kirim da jam a tsakiya, kek a sama. A hawan ƙasa ake yawan sa naman alade, an yanka shi siriri, launinsa ja-ja, yana jingine da na ƙwai da na kokwamba. Ture shi gefe bai wadatar ba in maiƙonsa ya taɓa sauran. Kek kuma wani ana zuba masa giya, wani ana sa masa jelatin, wanda a Turai da yawansa daga fatar alade ake yi. Mafita mai sauƙi ce: ku nemi tsarin marasa cin nama ko na kifi, ku ce kada a sa giya ko jelatin. Sun saba da wannan buƙata. Burodi mai naman kaza ki bar shi sai in sun tabbatar yankan halal ne. Kofuna da farantansu kuwa, hadisin Abu Sa'alaba ya nuna wankewa ta isa.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, amma na ga mutane ba sa kula da shi. Manyan wuraren kan kawo shayi a butar azurfa, alhali hadisin Huzaifa ya hana ci da sha a ƙwaryar zinariya da azurfa, maza da mata. Yawancin butocin ruwan azurfa ne aka shafa wa wani ƙarfe, kuma a wannan Malikiyya suna da zance biyu. Ni na fi karkata ga sauƙi, musamman da yake a kofin tangaran za ki sha. In zuciyarki ba ta natsu ba, ki ce a kawo butar tangaran.

Batun salla, a nan ne lissafin bai yi daidai ba. A mazhabar Malik, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ya fita daga hukuncin matafiyi da zarar ya isa. Kwana goma za ki yi, saboda haka za ki cika salla, kowace a lokacinta. Hanafiyya sun kai iyakar kwana 15, sai dai su kuma ba sa haɗa salla a tafiya in ba a Arfa da Muzdalifa ba. Rangwamen yana nan a hanya, ranar zuwa da ranar dawowa. Kuma ba ki ma buƙatarsa: a Agusta Azahar na shiga Landan wajen ƙarfe 1, La'asar wajen 5, rana ba ta faɗuwa sai kusan 8 ko bayanta. Ki yi Azahar a masauki, ki fita da alwala da ƙaramar darduma a jaka, in La'asar ta riske ku ki nemi gefen lambu mai tsabta. Da a Disamba ne da na ja kunnenki sosai, don rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, mutum yana kan kofi na biyu lokaci ya fita.

Wallahu a'alam.